Bakin da Kika Shayar

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin da ya kamaci ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin rahamarSa, makwancinki a yalwace. Mu nan unguwar Briqueterie a Yawunde muna nan yadda kika bar mu, sai abin da ba a rasa ba. Damina ta yi ƙarfi bana, ɗakinki ya fara yoyo ta wajen taga har sai da muka sa aka canja kwano. Keken ɗinkina yana nan yana rufa mini asiri. Jikokinki sun girma, ƙaramar ma yanzu in na yi mata Hausa da Faransanci take amsa mini.

Tambaya ce ta kawo ni, Inna. Kin san halina. Ke kika sha cewa, "Dije dai ko a kabari ita za ta riga mala'iku tambaya." To ga shi ke ce a kabarin, ni ce da tambayar, kuma na duba duk unguwar nan ban ga mai amsa mini ita ba sai ke.

Kafin ki ce na kwashi sirrin gida na baza a waya kowa yana karantawa, na nemi izinin mai maganar. Ya ce in rubuta, amma kada in kuskura in faɗi inda tukubarsa take, kada masu cin tsire su watse.

A kan Yaya Hamadu ne. Ki yi haƙuri na rubuta sunan a gabanki, sau ɗaya ne, don masu karatu su san wa nake nufi. Ɗanki na fari, wanda har kika bar duniya ban taɓa jin sunansa ya fito daga bakinki ba. "Wancan" ne, ko "yayanku", in kuma rai ya ɓaci, "mutumin nan". Na san kunyar ɗan fari ce, kin gaje ta, ba ke kika ƙirƙiro ta ba. Tun da aka yaye shi aka kai shi wajen kakarmu a unguwar Elig-Edzoa, can ya tashi, sai da ya isa riƙe wuƙa ya dawo koyon sana'ar fawa wurin Baba.

Ina tuna gaisuwarku ta safe. Zai zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ke kuma a ranar shinkafar da kike tsinta za ta zama abin kallo, ba ki ɗago kai. Ya ce ina kwana, ki amsa wa tire. In kina son a ba shi abinci sai ki ce, "Dije, duba ko akwai mai jin yunwa a gidan nan." Gidan kuwa daga ni sai ke sai shi. Amma naman da ya fi kowane girma a miya, a kwanon mai jin yunwar nan yake ƙarewa.

Kin san lokacin da ya fara shan sigari. Kada ki ce ba ki sani ba, duk gidan ya sani. Kafin ya shigo sai ya tsaya a lungu ya tauna goro, ya ɗora kanumfari, ya shigo yana ƙamshin abu uku a cakuɗe yana zaton ya ɓoye ɗaya. Baba ya yi faɗa, ya gaji. Da Baba ya rasu babu wanda ya sake ɗaga maganar. Ni ƙanwa ce. Ke kuwa ko kallonsa ba kya yi, balle faɗa.

Ga abin da ya faru bayanki.

Wata ranar Laraba da hantsi matarsa, Adda Maimuna, ta shigo shagona babu yadi a hannunta. Mace in ta shigo wajen tela babu yadi, magana ta kawo. Ta zauna, ta yi ta juya almakashi a hannu, can ta ce, "Dije, yayanki ya daina cin abinci. Kunu ne safe, kunu ne rana. Mahauci guda, yana kwana cikin nama yana ramewa."

Ta ce abin ya daɗe. Da farko masu sayen tsire ne suka fara ƙorafi, wai yajin ya cika gishiri, wai barkono ya yi yawa. Yajin Baba fa, Inna, wanda ake tasowa daga kasuwar Mokolo da gaba da Mokolo don shi. Yaya ya ce harsunan mutanen yanzu ne suka lalace. Ashe nasa ne ya dushe, sai ya zuba ya ɗanɗana bai ji ba, ya ƙara. Daga baya ma ya daina ɗanɗanawa, don in yajin ya taɓa gefen harshensa sai ƙwalla ta zubo masa.

Sai ta rage murya. Ta ce ta je wanke rigar aikinsa ta tarar da 'yan ledojin wiski a aljihu, irin ƙananan nan da ake sayarwa a butik, 'yan kantunan unguwa. Innalillahi! Na ce ko ajiyar wani ce. Ta ce ta tambaye shi, bai musa ba. Wai haƙorin turmi ne yake girgiɗi yana hana shi sukuni, wani mai cin tsire ya ba shi shawara ya riƙa guntsar abin ya riƙe a kan haƙorin har wurin ya mutu. Wai ba sha yake yi ba, guntsa yake ya tofar. Adda Maimuna ta ce, "Ni dai, Dije, guntsar na gani. Tofarwar ce ban taɓa gani ba."

Da ƙyar da lallami na kai shi wajen likitar haƙori. Abin da ya sa ya yarda, na ce masa cire haƙorin kawai za a yi a huta. Likitar mace ce, 'yar kudu, ba ta jin Hausa, Yaya kuma Faransancinsa na ciniki ne, don haka aka bar ni na shiga. Ta kwantar da shi a kujerar nan, ta kunna fitila, ya buɗe baki.

Inna, ban taɓa ganin cikin bakin Yaya ba sai ranar. Wa ke leƙa bakin yayansa? Haƙoran daga ciki baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Dasashi ya janye, haƙoran sun yi tsawo, har wasu kana ganin saiwarsu. Ta taɓa wanda ya kawo mu, ya motsa. Ta taɓa na kusa da shi, shi ma ya motsa. Sai ta kama harshen da auduga ta juya shi gefe. A gefen hagu akwai wani farin tabo mai kaushi, a tsakiyarsa miki ja, bakinsa ya yi tauri.

Ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun kafin azumi. Ta tambaya ko yana shan sigari, ya ce kaɗan-kaɗan. Ta tambaya ko yana shan giya. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce shi Musulmi ne. Ta ce ba addininsa ta tambaya ba. Ya ce ai ya amsa.

Ta ce haƙori ba shi ne abin gaggawa ba. Mikin nan take so a je babban asibiti a ɗan yanki kaɗan daga jikinsa a auna, kuma kada a ja lokaci. Ban gama fassara ba ya sauko daga kujera yana neman hularsa. "Haƙori na kawo, ba harshe ba. Ni za a gaya wa aikin wuƙa? Irin wannan ciwon in ƙarfe ya taɓa shi bazuwa yake yi, kowa ya sani." Ya fice ya bar ni da takalmi ɗaya a ƙafa ina ba likita haƙuri.

Abin da ke gabanmu ke nan, Inna. Miki a harshen ɗanki wanda ya ƙi warkewa, da mai harshen da ya rantse ba mai taɓa shi.

Ni kuwa kin san ba zan iya kwana da tambaya a ciki ba. Na koma wajen likitar ni kaɗai, na ce ba a kan yayana na zo ba, a kan jahilcina na zo. Ta yi dariya, ta ba ni kujera.

Na ce abu na farko da ya ɗaure mini kai, ni in na yi asuwaki da ƙarfi dasashina yakan yi jini, amma Yaya kullum alfahari yake nasa bai taɓa jini ba. Yaya aka yi nasa ne ya lalace? Ta ce nan ne yaudarar sigari take. Hayaƙin yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da ke cikin dasashi, sai ciwo ya yi ta ci a ƙasa, jinin da zai fito ya yi wa mutum gargaɗi kuma ba ya fitowa. Ƙashin da ya riƙe haƙori ya yi ta zaizayewa a ɓoye, sai dai wata rana mutum ya ji lafiyayyen haƙori, babu rami babu komai, yana rawa. Ko cire shi aka yi, ramin mai shan sigari ya fi daɗewa bai cike ba.

Na ce giya fa, ai ruwa ce, wucewa take yi. Ta ce tana wucewa amma tana busar da yawu, yawun nan kuwa da muke tofarwa muna ƙyama shi ne mai wanke baki dare da rana. Kuma tana tausasa 'yar fatar cikin baki, sai dafin hayaƙi ya sami hanyar shiga cikin sauƙi. Kowanne shi kaɗai ɓarna ne, in suka haɗu a baki ɗaya ɓarnar ta fi ta kowannensu nesa ba kusa ba. Na tambaya, to wanda yake guntsa ya riƙe a wuri ɗaya fa? Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wannan ƙona wurin yake yi da hannunsa, zafin ne kawai yake ɗaukewa na ɗan lokaci.

Na kawo maganar ƙarfe. Ta girgiza kai, ta ce ɗan abin da ake yanka don awo ba ya baza ciwo. Abin da ke faruwa, mutane ba sa zuwa sai ciwo ya riga ya bazu, in aka taɓa aka gano sai a ɗora wa wuƙa laifi. Ta ce duk mikin baki da ya wuce 'yan makonni bai warke ba, ko farin tabo, ko ja, ko ƙullutu, a nuna shi, ko da ba ya zafi. Wai mugun ma sau da yawa ba ya zafi da farko.

Tun daga ranar na zama wata iri. Mutum yana yi mini magana, ni bakinsa nake kallo. Mai taksi ya yi dariya, ina ƙirga giɓi. Masu faci, masu shayi, dattawan da ke zama a benci bayan la'asar, kowa da labarin da bakinsa yake bayarwa ba da saninsa ba: wannan leɓensa ya yi baƙi, wancan yana tauna da gefe ɗaya, wancan in zai yi dariya sai ya kare da hannu. Wata mata ta zo awon riga ta ce, "Dije, lafiya? Wuyan riga na ce ki auna, ba haƙorana ba." Wallahi kunya ta kama ni.

Amma akwai abin da likitar ta faɗa da ya bi ni har gida. Ina shirin tashi ta ce, ba hayaƙi kaɗai ba fa, har tabar da tsofaffi ke sakawa a leɓe, ita ma taba ce, kuma inda ake ajiye ta nan take ci.

Sai battarki ta faɗo mini a rai.

'Yar battar nan da kike ƙullewa a bakin zane, garin taba da kanwa. Ba mu taɓa kiranta taba ba, "maganin haƙorin Inna" muke cewa. Ki ɗiba da yatsa biyu ki tura ƙasan leɓe ta hagu, ki yi shiru kamar mai lazimi. Ranar biki kuma ki goga fure da goro har haƙoranki su yi jawur, mata suna cewa babu mai bakin Inna a unguwar nan. Furen nan ma ashe na taba ne, ni ban taɓa haɗa su a raina ba. Na tuna haƙoran gefen hagunki su suka fara zubewa, ɗaya bayan ɗaya, kina cewa tsufa ne. In ɗaya ya fara ciwo sai ki ƙara garin. Yanzu ina ta tunani, maganin ne yake bin ciwon, ko ciwon ne yake bin maganin? Hawan jini aka ce ya ɗauke ki, kuma kwana ne ya ƙare. Amma shekararki ta ƙarshe da kika koma shan kunu kina cewa tuwo ya gundure ki, gundura ce da gaske?

Na bar wannan, ba ita ce babbar tambayar ba.

Na sami Yaya da safe a bayan gidansa yana fere tsinke, nama a gabansa an yanyanka. Na gaishe shi, na zauna a kan turmi, na kwashe duk abin da likita ta faɗa na zuba masa, da dasashi, da yawu, da ƙarfe. Ya bar ni na gama. Bai ɗago ba ya ce, "Kin zama dokta ke nan. To dokta, Inna ta yi shekara nawa da taba a leɓe? Ta tsufa ko ba ta tsufa ba?"

Na ce ta tsufa babu haƙoran hagu.

Ya ce, "Ke dai ƙanwa ce, ki tsaya a matsayinki. Matar da ta haife ni ta ga sigari a hannuna, ta ji warinta a rigata shekara da shekaru. Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa in bari ba. Ko sau ɗaya. Da abin ya dame ta da ta faɗa." Wuƙar tana ta tafiya a kan tsinke. "Ni ban ma san ko akwai abin da ya taɓa damunta a kaina ba."

Kin ji, Inna? Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya har da jika. Mu duk mun ɗauka ya gane. Mun ɗauka ya san karatun naman da ke cikin kwanonsa, ya san dalilin da kike zama a tsakar gida ba ki shiga ɗaki sai kin ji shigowarsa. Kowa a unguwar nan ya san uwa ba ta sakin fuska da ɗan fari, shi ma ya sani da ka. Ashe zuciyarsa ba ta taɓa sani ba. Shirun da kika yi don kunya, shi ya ajiye shi a matsayin ba ruwanki.

Tambayata ke nan. Me ya hana ki yi masa magana? Kunyar ce kaɗai? Ko kuwa battar da ke bakin zanenki ce, kina ganin da wane baki za ki hana shi abin da ke cikin naki? Ko kin ɗauka in kika buɗe baki sau ɗaya a kansa, sauran abin da kika danne tun yana jariri zai biyo baya ki kasa tsayar da shi? Na juya abin ta kowace fuska. Wani lokaci in ba ki gaskiya, wani lokaci, Allah Ya yafe mini, in ji haushinki.

Ina zaune a kan turmin nan sai wata rana ta dawo mini. Ina yi miki kitso a inuwar ɗaki, ya shigo gaisuwa da ƙamshinsa kala uku, kika amsa wa ƙasa, ya fita. Na ci gaba da kitso har na kai rabin kai. Sai kika ce, ba da ni ba, ba da kowa ba, "Wancan ya ɗauki bakin da na shayar ya ba wuta." Can kuma kika ce, "Dije, ki ce masa..." Na tsaya da tsinken kitso a hannu ina jira. Kika ce, "A'a. Bar shi."

Na bar shi, tunda ke kika ce. Amma ranar nan a bayan gidansa na ga in na ci gaba da bari, harshen zai tafi, wataƙila da mai shi. Na ce, Yaya, ta faɗa. Ba a gabanka ba, amma ta faɗa. Na maimaita masa maganarki yadda take.

Wuƙar ta tsaya. Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai saba ba. Ya ce, "Sunana ta kira?"

Wallahi na so in ce e. Na ga kamar shi yake son ji, kuma wa zai ƙaryata ni? Amma na kasa ɗora miki abin da ba ki yi ba. Na ce, "A'a. Wancan ta ce."

Ya ajiye wuƙar a hankali a kan faranti. Ya ce, "To ita ce. Da kin ce ta kira sunana, da na san ƙirƙira kika yi don ki kai ni lopital, asibitin nan naki." Ya tashi ya shiga ɗaki. Na zauna ina kore wa naman ƙuda, ban san ko in tafi ko in tsaya ba. Da ya fito idonsa ja, ya sa doguwar rigarsa ta Juma'a, ya ce wa Adda Maimuna yau ba za a hura tukuba ba.

A mota na yi ta tunanin abin da ban taɓa lissafawa ba. Daga haihuwa zuwa yaye, iyakar zaman da kika yi da shi a jikinki ke nan. Bayan nan sai kallo daga gefen ido. Bakin nan shi ne kaɗai abin da kika sani nasa da kyau, tun babu haƙori ko ɗaya a ciki.

A babban asibiti wani likitan ne, namiji. Ya sake tambayoyin nan. Sigari? Yaya ya ce kwali guda a yini, wani lokaci ya fi. Giya? Na sunkuyar da kai, na yi niyyar fita in ba shi wuri. Yaya ya ce, "Zauna, Dije, ke za ki fassara." Ya ce da guntsa ya fara saboda haƙori, daga baya ya koma haɗiyewa, daga baya ko haƙorin bai yi ciwo ba. Ni na juya maganar zuwa Faransanci da bakina. Ban taɓa jin nauyin Yaya kamar ranar ba, ban kuma taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Aka yi masa allura a harshe, aka yanki ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Da muka fito yana magana da ƙyar ya ce, "Wannan ne yankan? Ko a tsinke ba zai zauna ba." Aka ce mu dawo.

Zaman jiran nan kada Allah Ya maimaita. Ya bar ledojin tun ranar, sigari ce ta zame masa yaƙi. Ya yi faɗa da matarsa, ya yi faɗa da mai kawo gawayi, ya yi faɗa da akuyar maƙwabta. Ya bari, ya koma, ya sake bari. Adda Maimuna ta ce in ya ji abin ya taso masa sai ya fita ya yi ta tafiya a ƙasa har Mokolo ya dawo, ba ya sayen komai.

Sakamako ya fito, Inna. Ciwon daji ne. Gara in faɗa miki kai tsaye. Likita ya ce an yi sa'a bai yi nisa ba, bai ga alamar ya sauka wuya ba. Za a yanke gefen harshen, a cire haƙoran da suka riga suka mutu a tsaye. Magana za ta yi masa nauyi, wataƙila ta saki daga baya, wataƙila ba duka ba. Ya ce da an ƙara wasu watanni, da wata maganar ake yi ba wannan ba. An sa ranar aiki. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Ni da Yaya muka fito titi muka tari taksi. Mu huɗu a baya, an matse, wata mata da buhun rogo a cinya, rediyo yana ta surutu. Muka shiga cunkoson Mokolo mota ta tsaya cak. Sai na ji ya matso da kansa kusa da kunnena, ya ce, "Dije, sake faɗa mini abin da ta ce."

Na faɗa.

Ya ce, "Ba haka ba. Yadda ta faɗa."

Sai na rage murya, na ja maganar yadda kike ja, da ɗan taushin nan naki na mutanen Garwa. Ya rufe ido ya saurara. Matar da ke gefenmu tana kallonmu, ba ta jin ko kalma. Da na gama ya ce in sake. Har muka sauka a bakin layinmu yana sa ni ina sakewa, mutumin da aka gaya wa yanzun nan za a yanke masa harshe, bai tambaye ni komai a kan harshen ba.

Innata, ki yafe mini. Kin ce in bar shi, ni kuma na isar masa da maganarki. In na keta miki kunya, ni na keta, ke kin tafi da taki cikakkiya. Tambayar da na zo da ita kuma na san ba za ki amsa ba, ko kina raye ma cewa za ki yi in tashi in duba tukunya.

Ya Allah Ka jiƙan mahaifiyata, Ka gafarta mata, Ka saka mata da Aljanna a kan abin da ta faɗa da abin da ta haɗiye. Ka haɗa ta da Baba a inuwar rahamarKa. Ya Allah Ka sa a yi aikin nan a sa'a, Ka ba hannun likita daidaito, Ka ba bawanKa ƙarfin barin abin da ya bari, Ka bar masa harshen da zai yi salati da shi, ya kuma yi wa uwarsa addu'a. Masu karanta wannan, wanda duk yake ɓoye wani miki a bakinsa, Allah Ka ba shi zuciyar buɗewa tun da sauran lokaci. Amin summa amin.

Ki huta lafiya, Inna.

Ɗiyarki mai kewarki kullum,
Dije
Briqueterie, Yawunde